Yadda Aka Yi Wa Mulki Linzami A Ƙasar Ingila

A harshenmu na Hausa in an ce wane ɗa ne, ba kullum ne a ke nufin haihuwa ba. Kakanninmu sun raba jama'a gida biyu, 'ya'ya da bayi, daga nan ne kuwa kalmar nan 'yanci ta fito, watau halin mutumin da ba wanda ya mallake shi. Rumawa ma haka abin ya ke gare su. A harshensu na Latin, mutumin da ba bawa ba ne sunansa liber. Daga wannan kalma ce Turawa suka sami sunan wata aƙida ta sha'anin mulki, wadda a ke ce wa mabiyanta 'yan libaral. An fara kiran wata ƙungiyar siyasa da wannan suna a birnin Kadis na ƙasar Sifen, cikin majalisar da ta rubuta tsarin mulki na shekara ta 1812. Amma aƙidar ta girmi sunanta nesa. Mu a nan za mu kira ta aƙidar 'yanci.

Ku 'yan makaranta kun sha jin ana cewa ba a ɗaure mutum sai an yi masa shari'a, ba a karɓar haraji sai da doka, ba a kuma tilasta wa kowa ya bar addininsa. Da ya ke kun tashi kun tarar ana faɗin haka, kuna iya tsammanin haka duniya ta ke tun farkonta. To, ba haka ba ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka sha ɗauri, aka zub da jini a kansa. Gindin aƙidar 'yanci magana guda ce: mai mulki, kome girmansa, akwai iyakar da ba shi da ikon ƙetarewa a kan mutum guda, kome ƙanƙantar mutumin. Mulki tamkar ingarma ne, ba a iya tafiya sai da shi, amma wanda ya hau shi ba linzami ya san sauran. Za mu bi labarin yadda aka ƙera linzamin nan a ƙasar Ingila, domin da na gaba a ke gane zurfin ruwa.

Takardar Da Aka Sa Sarki Ya Buga Wa Hatimi

A shekara ta 1215 Sarki John ke sarautar Ingila. Ya tafi yaƙi Faransa an kore shi, ya komo gida ya dami manyan ƙasarsa da tara da haraji, wanda ya ƙi biya kuwa a ƙwace gonakinsa, ko a kama 'ya'yansa a riƙe jingina. Da tura ta kai bango sai hakimai suka yi gangami, suka kama birnin Landan. Ranar 15 ga watan Yuni aka haɗu a wata fadama da a ke kira Runnymede, a bakin kogin Thames, suka sa sarki ya yarda da wata takardar alkawari wadda a ke kira Magna Carta, watau Babbar Takarda.

Yawancin abin da ke cikinta batun gado ne, da bashi, da daji, da kamun kifi, abubuwan da an daɗe da mantawa da su. Amma akwai sharuɗɗa biyu da suka rayu. Na fari, ba za a kama ɗa a ɗaure shi, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa ba, sai da hukuncin tsararsa ko bisa dokar ƙasa. Na biyu, sarki ba zai sayar da shari'a ba, ba zai hana ta ba, ba kuwa zai jinkirta ta ba. John bai yi niyyar cika alkawari ba ko kaɗan. Kafin wata uku Fafaroma ya soke takardar bisa roƙonsa, yaƙi ya ɓarke, shi kuma ya mutu a 1216. Duk da haka aka sake fitad da ita a zamanin ɗansa, har ta zauna cikin dokokin ƙasa. Tun daga ran nan mutanen Ingila suka sami abin da za su nuna da yatsa su ce, ga shi a rubuce, sarki ma yana ƙarƙashin doka.

Sule Ashirin Na John Hampden

Bayan shekara wajen 400 rigimar ta sake tashi. Sarki Charles na Ɗaya ya hau gadon sarauta a 1625, shi kuwa ya gaskata Allah ne ya naɗa shi, saboda haka ba mahalukin da zai tambaye shi dalili. Al'adar ƙasar ita ce ba a ɗora sabon haraji sai Majalisa ta yarda. Da Majalisa ta riƙa yi masa gardama sai ya sallame ta a 1629, ya yi shekara 11 bai kira ta ba. Amma mulki ba ya yiwuwa ba kuɗi. Akwai wani tsohon haraji da garuruwan bakin teku kan biya lokacin yaƙi don a gina jiragen ruwa. Sai sarki ya ɗora shi a kan ƙasa duka, har da mutanen tudu waɗanda ba su taɓa ganin teku ba, alhali kuwa ba a yaƙi.

Wani attajiri mai suna John Hampden aka yanka wa wata gonarsa sule 20, watau fam guda. Kuɗin nan bai kai ya dame shi ba, amma ya ce ba zai biya ba. Hujjarsa ita ce, in sarki na da ikon karɓar fam guda ba da yardar Majalisa ba, yana da ikon karɓar dubu, wanda kuwa a ke iya ɗebe wa dukiya a duk sa'ad da aka ga dama, to, dukiyar nan ba tasa ba ce, ajiya ce aka ba shi. Aka kai magana gaban manyan alƙalai 12. A 1638 bakwai suka goyi bayan sarki, biyar suka goyi bayan Hampden. Sarki ya ci shari'a, amma jama'a suka ga har alƙalansa biyar ba su yarda da shi ba, sai ƙin biya ya bazu ko'ina.

Da dole ta sa ya kira Majalisa, sai ta haramta harajin nan a 1641. A watan Janairu na 1642 sarki ya ɗebi dakarai ya shiga zauren Majalisa da kansa don ya kama wakilai biyar, har da Hampden, ya tarar sun sulale. Tun daga wannan rana ba wani sarkin Ingila da ya ƙara shiga zauren wakilan jama'a suna cikin zama. Har yau ma, ran buɗe Majalisa, in jakadan sarki ya zo kiransu sai a rufe masa ƙofa a fuska, sai ya ƙwanƙwasa kāna a buɗe. A shekarar nan yaƙin basasa ya tashi. Hampden ya mutu da raunin yaƙi a 1643, sarki kuwa aka ci shi, aka yi masa shari'a, aka fille masa kai ranar 30 ga Janairu, 1649.

Kada ku yi zaton da an kashe sarki 'yanci ya samu. Oliver Cromwell, jarumin da ya ci yaƙin, shi ma a 1653 ya shiga Majalisa da soja ya kori wakilai, ya yi mulki da ƙarfin da ya fi na Charles har ya mutu a 1658. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga nan masu hankali suka gane sauya mahayi ba ya isa, sai an gyara linzamin.

Mutum Goma Sha Biyu Da Suka Kwana Da Yunwa

Aka komo da sarauta a 1660. A zamanin nan doka ta hana mutum fiye da biyar su taru su yi ibada ba bisa tsarin ikilisiyar sarki ba. A 1670 aka kama William Penn da William Mead suna wa'azi a kan titi a Landan, domin an kulle ɗakin ibadarsu. A shari'ar Ingila a kan zaɓo mutum 12 daga cikin jama'a su saurari shaida, su ne za su ce da laifi ko babu. Mutanen nan suka ƙi cewa an yi taron haram. Alƙali ya husata, ya sa aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka tsaya a kan bakansu. Sai aka ci su tara. Ɗayansu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka jefa shi kurkuku.

Daga kurkuku ya nemi wata takarda da a ke kira habeas corpus da Latin. Aikinta shi ne ta tilasta wa mai riƙe da ɗaurarre ya kawo shi gaban alƙali, ya faɗi dalilin da doka ta yarda da shi, in babu kuwa a sake shi nan take. Babban alƙali Vaughan ya duba, ya yanke cewa ba a hukunta masu sauraron shari'a saboda abin da suka ga shi ne gaskiya. Aka saki Bushel. A 1679 Majalisa ta ƙarfafa takardar nan da doka, har da tara mai nauyi a kan duk yarin da ya ƙi binta.

Da Sarki James na Biyu ya fara ɗage dokoki da ikon kansa, sai manyan ƙasa suka kirawo William daga Holan a 1688, James ya tsere Faransa. Amma ba su ba William da matarsa Mary sarauta haka kawai ba, sai da sharaɗi. Dokar Hakkoki ta 1689 ta ce sarki ba shi da ikon ɗage doka, ko ɗora haraji, ko ajiye rundunar soja lokacin zaman lafiya, sai da yardar Majalisa, wakili kuma ba a tuhumarsa a wata kotu saboda abin da ya faɗa a zauren Majalisa.

John Locke Da Batun Amana

Duk abubuwan nan da muka ambata aukuwa ce. Wanda ya zauna ya tsara dalilinsu shi ne John Locke, wanda aka haifa a 1632. Ubansa ya yi yaƙi a gefen Majalisa, shi kuwa ya yi karatu a Oxford, har ya koyi aikin likita. Da aka fara farautar abokan ubangidansa sai ya gudu Holan a 1683, bai komo ba sai 1689. A shekarar nan aka buga littafinsa a kan mulki, ba sunansa a jiki, bai kuwa amsa cewa nasa ne ba sai a cikin wasiyyarsa.

Ga yadda ya ɗauko maganar. Ya ce mu ƙaddara babu sarki, babu alƙali. A wannan hali ma kowane mutum yana da hakki a kan ransa, da 'yancinsa, da abin da ya samu da guminsa, domin Mahalicci bai halicci wani da sirdi a baya don wani ya hau ba. Sai dai zama irin wannan yana da aibi, gama in an yi jayayya kowa shi ne alƙalin kansa, mai ƙarfi kuwa shi ke da gaskiya. Don haka ne mutane suka yarda su kafa hukuma, su ba ta ikon hukunci. To, ashe hakki ya riga hukuma, ba ita ta ba da shi ba, don tsaronsa ne ma aka kafa ta. Mulki kuwa amana ce, kamar yadda falke kan bar kayansa hannun maigidansa. In mai riƙon amana ya shiga cinye kayan, mai kaya na da ikon karɓewa ya ba wani. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta firgita sarakunan Turai.

Littafinsa na biyu a shekarar a kan addini ne. Turai ta riga ta sha azaba kan wannan. Daga 1618 zuwa 1648 Katolika da Furotesta sun yi yaƙin shekara 30 a Jamus, har garuruwa suka zama kufai. A 1685 Sarkin Faransa ya haramta addinin Furotesta, mutane wajen 200,000 suka bar ƙasar. Locke ya ce takobi na iya sa baki ya furta, amma ba ya iya sa zuciya ta gaskata, saboda haka abin da tilas ke haifarwa munafunci ne kawai. Aikin mai mulki tsaron rai da dukiya ne, sha'anin lahira kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Har ya ambaci Musulmi da Yahudawa, ya ce bai kamata a hana su hakkin ɗan ƙasa saboda addininsu ba. Amma shi ma haƙurinsa na da iyaka, don bai yarda a ƙyale wanda ya musanta samuwar Allah ba, bai kuma amince da masu biyayya ga Fafaroma ba.

Tunanin nan ya ƙetare teku. Wani Bafaranshe, Montesquieu, ya ƙara da cewa a 1748, kada a tara ikon yin doka, da ikon zartad da ita, da ikon shari'a a hannu ɗaya, a raba su domin kowane ya tsare ɗan'uwansa. Mutanen Amurka suka kafa hujja da maganar amana sa'ad da suka ɓalle daga Ingila a 1776, Faransawa kuma suka yi shelar hakkokin mutum a 1789.

Kasuwa Da Baki

Reshe na gaba ya shafi ciniki. A 1776 wani malamin jami'a ɗan ƙasar Sikotlan, Adam Smith, ya buga littafinsa a kan arzikin ƙasashe. A zamaninsa hukuma kan ba kamfani guda ikon cinikin ƙasa guda, ta hana kowa shiga. Smith ya nuna in an bar manomi da maƙeri da ɗan kasuwa kowa ya nemi abincinsa, suna gasa da juna, kaya kan yawaita su yi araha fiye da in wani babba ne ke tsara musu. Bai ce hukuma ta naɗe hannu ba, ya bar mata tsaron ƙasa, da shari'a, da ayyuka irin su hanyoyi da makarantu. An gwada maganarsa a kan alkama. Dokar 1815 ta hana shigo da alkamar waje sai ta gida ta yi tsada ƙwarai, abin da ya amfani masu manyan gonaki, ya cuci ma'aikacin da ke sayen burodi. Richard Cobden da John Bright suka yi shekaru suna zagaya ƙasa suna jawabi, har aka soke dokar a 1846.

Reshen da ya shafi baki kuwa, John Stuart Mill ne ya fi kowa bayyana shi, cikin littafinsa na 1859. Tun 1695 aka daina neman izinin hukuma kafin a buga littafi a Ingila. Amma Mill ya hango wani azzalumi sabo, watau jama'a da kanta. In rinjaye ke mulki, wa zai tsare mutum guda daga mutum dubu? Ya kafa ƙa'ida cewa ba a tilasta wa baligi mai hankali sai don a hana shi cutar da wani. A kan faɗin ra'ayi kuwa ya ce, wanda aka toshe wa baki watakila shi ke da gaskiya, gama an sha kashe mutum yau gobe a gane shi ne daidai. Watakila kuma rabin gaskiyar na wurinsa. Ko da ma kuskure ne zalla, gaskiyar da ba a taɓa ja da ita ba takan zama hadda, mai ita ba ya iya kare ta ran da aka tsare shi. Duk ɗalibin da ya taɓa haddace amsa, sa'an nan aka juya masa tambaya ran jarrabawa, ya san abin da Mill ke nufi.

A nan ne mabiya aƙidar suka rabu biyu. Masana'antu sun cika da yara ƙanana masu aiki tun asuba har dare, sai a 1833 doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba a masaƙu. Waɗansu suka ce 'yanci shi ne hukuma ta ƙyale mutum. Waɗansu suka ce mai yunwa da jahili, ko an ƙyale su, ba abin da za su yi da 'yancin. Ra'ayi na biyu ne ya kawo dokar makarantun firamare ta 1870, da fanshon tsofaffi na 1908, sule 5 a mako ga matalaucin da ya kai shekara 70. Gardamar nan har yau ba ta mutu ba.

To, Wane Ne Ɗa?

Yanzu mu komo kan kalmar da muka fara da ita, gama a nan ne aƙidar ta fi shan kunya. Babbar Takarda ta tsare ɗa, amma yawancin manoman Ingila a 1215 ba 'ya'ya ba ne, a ɗaure su ke da gonakin iyayengijinsu. Locke, wanda ya rubuta cewa mutum ba ya mallakar mutum da son zuciya, ya sa kuɗinsa a kamfanin da ke sayen bayi a bakin tekun Afirka ta Yamma yana kai su Amurka. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta shelar 1776 mai cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. A Faransa wata mata, Olympe de Gouges, ta rubuta a 1791 cewa hakkokin nan sun shafi mata, a 1793 aka fille mata kai zamanin da juyin mulkin ya koma cin 'ya'yansa.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Magana in ta fita ba ta komawa, waɗanda aka bari a waje suka ɗauke ta suka ƙwanƙwasa ƙofa da ita. A 1772 wani bawa, James Somerset, wanda ubangijinsa ya ɗaure cikin jirgi zai kai shi Jamaika ya sayar, aka nema masa irin takardar da ta fid da Bushel, alƙali Mansfield ya ce a sake shi. Bayin Haiti suka tashi a 1791, suka kafa ƙasarsu a 1804. Ingila ta hana fataucin bayi a 1807, ta soke bauta a yawancin ƙasashenta da dokar 1833, ko da ya ke fam miliyan 20 na diyya iyayengiji aka ba, bayi ba su sami ko anini ba. Mu ma kada mu yi dariya, laifi tudu ne. A Nijeriya ta Arewa sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungum.

Haka batun ƙuri'a. An faɗaɗa ta kaɗan kaɗan a 1832 da 1867 da 1884. A 1867 Mill ya kawo shawara a Majalisa a ba mata ƙuri'a, mutum 73 suka yarda, 196 suka ƙi. Sai a 1918 aka ba waɗansu mata, a 1928 aka daidaita su da maza.

Shi Mill ɗin nan kuwa ya yi shekara 35 yana aiki a kamfanin da ke mulkin Indiya, ya kuma rubuta cewa ƙa'idarsa ba ta shafi al'ummomin da ya ke ganin ba su waye ba, su a yi musu mulkin tilas don amfaninsu. Da irin wannan hujja Turawa suka riƙa wanke kansu sa'ad da su ke cin ƙasashe, har Kano da Sakkwato a 1903. Amma nan ma makamin ya juya. A 1941 Churchill da Roosevelt suka yi shela cewa kowace al'umma na da hakkin zaɓen irin mulkin da ta ke so. Da Churchill ya ce bai nufi ƙasashen da Ingila ke mulka ba, sai editocin jaridu na Afirka ta Yamma, da Nnamdi Azikiwe a gaba, suka kai takarda Landan a 1943 suna neman a cika musu alkawarin nan. A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar hakkokin ɗan'adam mai sashe 30, ba ta ware launi ko jinsi ko addini ba. Da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, aka sa babi guda na hakkokin mutum cikin tsarin mulkinta, bisa shawarar hukumar Willink ta 1958, wadda ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke ji.

Abin Da Ya Rage Gare Ku

Ba mu kawo wannan labari don ku ɗauka duk abin da 'yan libaral suka faɗa daidai ne ba. Masu sukarsu sun ce sun fifita mutum guda bisa dangi da al'umma, sun kuma ce 'yancin kasuwa kan zama 'yancin mai kuɗi. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, ya kamata ku auna su da kanku in kun ƙara karatu. Amma ko mai suka yana cin moriyar abin da ya ke suka, domin ba don an bar baki ya faɗi ba da bai sami damar sukar ba.

Yawancinku za ku riƙe wani iko wata rana. Wani zai zama malami, wani akawu, wani alƙali, wani ɗan sanda, wani mai karɓar haraji. Wani ma tun yanzu shi ne shugaban aji. Neman hakki sa'ad da kai a ke dannewa ba wuya, kowa na yi, hakiman Sarki John ma sun yi, Cromwell ma ya yi. Ranar gwaji ita ce ran da sanda ta zo hannunka, aka kawo maka wanda ba ka ƙauna, ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba, ba kuwa mai tsaya masa. In ka ce a bi doka, a ji ta bakinsa, kada a karɓi nasa sai da hujja, to, ka fahimci abin da Hampden ya ƙi biyan sule 20 saboda shi, da abin da ya sa Bushel da 'yan'uwansa suka kwana biyu da yunwa saboda mutanen da ba aƙidarsu ɗaya ba. In kuwa ka ce wannan ai ba kowa ba ne, ka koma inda Locke da Jefferson suka yi tuntuɓe.

Muna roƙon malamai su karanta wannan tare da 'yan ajinsu, su sa su yi muhawara a kan tambayar Mill, watau me ya kamata a yi in mutum guda ya saɓa wa aji duka. A bar kowa ya faɗi nasa, har da wanda ya tsaya shi kaɗai. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.